Daga Kududdufin Birni Zuwa Makarantar Kifi

Mai karatu, duk wanda ya san Madabo ya san ta da karatun zaure. Tun zamanin Wangarawa ɗalibi ke durƙusawa gaban malami, ya biya, a gyara masa. To haka ma aka koyi su a ƙasar Hausa, sai dai shi zaurensa kwalekwale ne. Ɗan Basarke a Kabi ko Yawuri ba ya riƙe alƙalami; yana bin ubansa ne yana kallon yadda ake saƙa koma, ake jefa birgi, ake dasa mali, har ya iya gane inda giwan ruwa ke kwance. Mu kuwa 'yan birni iyakarmu fatsa a kududdufi da damina, mu kamo 'yar tarwaɗa, mu sha duka a gida.

Madatsun ruwa ne suka sauya wannan lissafi. Da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa, aka sami tafkin da babu masuncin da ya gaji saninsa daga kakansa. Dole aka kafa aikin bincike a wurin da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Bussa. A 1978 aka buɗe kwalejin koyon kiwon kifi a garin, aka kuma yi irinta a Baga, bakin tafkin Chadi. Can ne aka fara ganin abin da tsofaffin masunta suka ɗauka wasa ne: saurayi da takardar sakandare tsamo-tsamo cikin tabo, yana koyon yi wa tarwaɗa allura don ta saki ƙwai, yana auna ruwa, yana haɗa abincin kifi da hannunsa.

Kano ma ba a bar ta a baya ba. Gwamna Audu Bako ya gina Bagauda, ya ɗora da Tiga wadda aka gama a 1974, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mun sami ruwan amma muka yi jinkirin tura 'ya'yanmu su koyi aikinsa, don muna ganin ƙarnin kifi bai dace da ɗan birni ba. Ita kuwa kwalejin Baga, rikicin Boko Haram ne ya tilasta mata ƙaura zuwa Maiduguri, ɗalibanta suka yi nisa da tafkin da aka gina ta dominsa.

Yanzu a lungunan birni sai ka tarar da matashi ya gina kwami da bulo a bayan ɗakinsa yana kiwon tarwaɗa. Ka tambaye shi inda ya koya, mafi yawa wani zai ambata maka wanda ya yi wa yaron gida wata shida, yana sauya ruwa yana tsince matattun 'ya'yan kifi kowace asuba.