Mahayan sukuwa na Amurka da asusunsu

Mun san sukuwa: in doki ya ci, mai shi ake yi wa kirari, yaron da ya hau sai tukuici. A Amurka ma haka aka daɗe. Mahayi in ya faɗi ya karye, sai abokan hawa su yi masa karo-karo.

A 1940 mahaya, har da Eddie Arcaro, suka kafa sandika, kowa yana zubawa domin wanda ya ji ciwo. Masu dawaki kuwa kukansu nauyi: abinci, likitan dabbobi, mai horo, ga kashi 10 cikin 100 na kyautarsu da mahayi ke ɗauka in ya zo na farko. Gaskiyarsu ce, amma su dukiya suke sawa, mahayi kuwa ransa.

A 2002 shugabannin sandikar suka bar inshora ta mutu, mahaya da yawa ba su sani ba. A 2004 Gary Birzer ya faɗi, ƙafafunsa suka shanye, abin da ya samu bai biya asibiti ba. A 2007 bashi ya kai sandikar kotu.

Mu ma muna da asusu. Mu zuba, amma kowane taro mu nemi lissafi.