Shaihu Umar a Hanyar Mamudo

Mamudo ƙauye ne kusa da Potiskum, a bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Damaturu da Maiduguri. Ƙasar da ke tsakanin Hausa da Barno ta daɗe da sanin sawun yara: almajirai masu tafiya gabas neman karatu, da kuma waɗanda aka kora cikin ayarin bayi zuwa Kukawa, daga nan a bi da su ta Bilma da Murzuk har Tarabulus. Shi ya sa littafin Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934, ya cancanci a karanta shi a nan a matsayin shaidar tarihi, duk da ƙagagge ne. An sace Umar yana ƙarami, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi daga Kano zuwa Masar, ya girma ya zama malami. Amma nauyin labarin yana kan uwarsa, wadda ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Da suka sadu, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta jima ba ta rasu.

Wani zai ce ai marubuci ya tausaya wa masu karatu ne, domin tarihi bai cika bayar da irin wannan saduwa ba. Akwai gaskiya a nan. Ali Eisami, Babarbaren da aka kama a farkon ƙarni na 19, ya tsinci kansa a Saliyo a 1818, can kuma ya tsufa, yana ba wani Bature, Koelle, labarin Barno daga abin da ya rage masa a ka. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da shi ma aka kama, ya bi wani Bature, Barth, har Ingila a 1855. To amma wannan suka ta manta da abu guda. Labaran Ali da Dorugu daga bakin wanda aka tafi da shi suka fito, Turawa suka rubuta su. Ba wanda ya zauna ya ɗauki maganar uwar da aka bari tana cigiya kasuwa-kasuwa, tana tare fatake da tambaya. Wannan gurbin Ɓalewa ya cike, kuma bai yi mata rangwame ba: saduwar da ya ba ta ba ta da maraba da ban kwana.

Ana iya cewa kuma zamanin bauta ya wuce, me ya haɗa shi da yau? Ranar 6 ga Yulin 2013 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo da asuba, suka kashe mutum 42, yawancinsu ɗalibai, sauran suka fantsama daji, iyaye suka bazama nema. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana riƙe da sunayen kusan mutum 22,000 da suka ɓata a Najeriya, kashi 60 cikin 100 yara ne lokacin da aka rasa su. Bayan kowane suna akwai wani na gida da ya je ya kai cigiya, ya zauna aka rubuta.