Koyon Saƙa a Ƙasar Kano: Daga Kwarkwaro Zuwa Luru

Saƙa tana cikin sana'o'in da suka ɗaukaka sunan Kano tun kafin zuwan Turawa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka a birnin a shekarar 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano a kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma suna isa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. Sai dai marubuta sun fi mayar da hankali ga fatauci da rini, ba su cika tsayawa a kan yadda ake renon masaƙin kansa ba.

Galibi saƙa gado ce. Yaro yakan tashi ya tarar da masaƙar mahaifinsa a ƙofar gida ko a gindin bishiya, wanda kuma ba ɗan gado ba sai a kai shi wurin wani masaƙi a ba da shi amana. Ba a fara ɗora shi a kan masaƙa. Aikinsa na farko shi ne aike, wato zuwa gidaje karɓo zaren da mata suka gurje audugarsa, suka shiɓe, suka kaɗa da mazari. A nan yake koyon bambanta zare mai ƙarfi da ake yin tsaye da shi, da abawa mai kauri da laushi wadda ake giciye da ita. Daga nan sai naɗa zare a kwarkwaro, aikin da yara suka fi ƙosawa da shi, alhali shi ne ke horar da hannu, domin kwarkwaron da aka naɗa da garaje yakan sarƙe a cikin ƙoshiya.

Bayan wannan sai wadari. Ana kafa turaku a fili, yaro ya riƙa kai da komowa da zare yana ƙirga sili, domin a nan ake tsara launin ƙyalle da faɗinsa. Idan aka yi kuskuren ƙirga a wadari, zai bi ƙyallen tun daga farkonsa har ƙarshe, kuma babu gyara. Sai ya iya wannan, ya kuma iya zura zare a allera da ƙulla wanda ya tsinke, sannan maigida zai bar shi ya zauna. Da farar ƙwarya yake farawa. Ƙafa tana taka sanda, hannu yana jefa ƙoshiya, ɗaya hannun yana bugawa, can gaba kuma kunkuru, wato abin da ake ɗora wa dutse don ya ja zaren ya miƙe, yana matsowa sannu a hankali. Masaƙa suna gane ɗan koyo da gefen ƙyallensa, wani wuri ya tsuke, wani ya buɗe, har maɗinki ya rasa yadda zai haɗa.

A ganina, inda gwaninta take bayyana shi ne saƙar luru, bargon auduga mai kauri da ake shimfiɗawa ko a lulluɓa lokacin hunturu. Ƙwaryarsa ta fi ta riga faɗi, kuma adonsa ba ƙoshiya kaɗai ke yin sa ba. Masaƙi yakan tsaya ya ɗaga wasu silin da yatsa, ya cusa zare mai launi, baƙi ko ja, ya ƙirga, ya sake cusawa, har siffar ta fito. Babu zane a takarda, a ka ake riƙe lissafin. Wuyar ita ce, dole adon wannan ƙwarya ya zo daidai da na maƙwabciyarta idan an ɗinke su. Saboda haka ba kowane masaƙi ne yake kaiwa wannan mataki ba; da yawa sun tsufa a kan fari da saƙi, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai ma waɗanda suka ƙware a siririyar ƙwaryar da ake kaiwa Kura a rina, a buga, ta zama turkuɗi don Buzaye.

Mata kuwa nasu tsarin daban ne. A cikin gida suke koya daga uwa ko kaka, a masaƙar tsaye mai faɗi wadda ake jinginawa da bango, suna fitar da gwado da zane.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauƙaƙa shigowar yadin Ingila, sannan kafa masaƙar zamani ta Kaduna a 1957 da waɗanda suka biyo bayanta ya ƙara rage kasuwar ɗan gargajiya. Zaren kanti ya maye gurbin na mazari, don haka matakin farko na koyo, wato sanin zare daga hannun mai kaɗi, shi ne ya fara ɓacewa. Makarantar boko kuma ta ɗauke yaro a daidai shekarun da ake zaunar da shi naɗin kwarkwaro. A garuruwa irin su Minjibir, waɗanda suka yi suna a saƙa, sana'ar ta fi daɗewa, musamman saboda bukatar zanen aure da rigunan sarauta, waɗanda yadin inji bai iya tsayawa a madadinsu ba.