libarba

libarba (suna, mace). Ƙaramar bindigar hannu mai ganga mai juyawa, yawanci rami shida a cikinta.

libarbar albarushi: irin ta dā, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, aka kuma yi yaƙin basasar ƙasar da ita daga 1861 zuwa 1865. Ba a sa mata harsashi haɗaɗɗe. Kowane rami sai an auna masa albarushi, a ɗora ƙwallon darma, a danna shi da sandar da ke ƙarƙashin bututun, a shafe bakin da maiƙo, sannan a sanya 'yar hular tagulla ta baya, wadda ke tayar da wuta idan an ja kunama. Hayaƙinta fari fat, da warin farar wuta, kamar na adakar 'yan bindiga ranar hawan sallah.

Waɗanda ake harbawa yau galibi kwaikwayo ne, ƙirar kamfanonin Uberti da Pietta na Italiya, bisa samfurin Colt 1851 ko Remington 1858. Kwaikwayon suna ne kawai, kisa take yi. Shi ya sa masana ba sa rataya ta sai sun bar rami ɗaya fanko a gaban ƙarfen da ke bugun hular, kuma sun yi gaskiya. Bayan harbi a wanke ta da ruwan zafi da sabulu a ranar, don tokar albarushi na jawo tsatsa.

*Misali:* Ya ɗura libarbarsa rami biyar.