Lallen Bayan Ɗakin Iyayenmu

A wannan zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun ga ya dace mu tuna da wata dukiya da iyayenmu suka bar mana, mu kuma muka sake ta, wato itacen lalle.

Gaya tsohon gari ne. Masu tarihi na cewa daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi zuwa Dala neman tama. Tarihin maza ke nan, an kuwa rubuta shi. Na mata yana bayan ɗaki. Wadda ta girma a Gaya ko ƙauyukan Ajingi za ta tuna lallen da ke jikin danga, inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Idan ya yi ƙananan furanninsa farare, da almuru ƙamshi ya cika gida har maƙwabta. Duma kan hau dangar, kuma daga irinsa mai tsawo ake fafe zunguru, wanda mace ke zura hannu a ciki idan ta yi ƙunshi. Ganye a gida, zunguru a gida, ba a kashe ko kwabo.

Ba jiya aka fara ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta bayyana yadda ake sa wa amarya lalle tun tana yarinya. Daga baya aka shiga yayin salatif, sannan zanen fulawa irin na Sudan da Indiya. Gidaje suka ƙara ɗakuna, aka shafe tsakar gida da siminti, aka sare lallen. Yau a leda muke sayensa.

Sai kuma dayis ya shigo. Lalle na gaskiya ja yake kamawa, ba ya yin baƙi. Baƙin nan rinin gashi ne mai sinadarin PPD, kuma mun sha ganin amaren da hannunsu ya kumbura ya yi ƙuraje ana gobe ɗaurin aure.

Wasu kuwa ba su saki nasu ba. Garin Sojat na Indiya da noman lalle ya yi suna a duniya. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle cikin kayan gadon ɗan Adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. To mu me ya hana mu?

Dashensa ba wuya. A yanko reshe mai ƙwari kamar kamu ɗaya, a kafa shi da faɗuwar damina a wurin da rana ke bugu kuma ruwa ba ya kwanciya. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Shekarar farko yana son ban ruwa, bayan nan yana jure rani. In an ɗebi ganye a shanya a inuwa, don rana na rage masa ƙarfi. A bar wasu rassan kada a sare, su ne za su yi fure.

Roƙonmu shi ne kowace mamba ta dasa ko guda biyu a daminar bana. Wadda ke da tsohon itace ta taimaka wa 'yan uwa da reshe. In ganye ya taru, mu daka, mu tankaɗe, mu ƙulla da sunan ƙungiya. Allah ya sa jikokinmu su yi ƙunshin aurensu da lallen gidanmu, amin.