Baturen da Ya Ratsa Afirka da Keke

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma akwai tafiyar da yunwa ce ke buɗe ƙofarta. Irin wannan ce tafiyar Kazimierz Nowak, mutumin ƙasar Folan, wanda ya ratsa nahiyarmu daga arewa zuwa kudu, ya kuma komo, tsakanin 1931 da 1936. Mun ga ya dace mu kawo wa 'yan uwa mazauna birane tarihinsa, domin su ma sun san abin da ke raba mutum da gida.

An haifi Nowak a 1897, ya zauna a birnin Poznan da matarsa da 'ya'yansa biyu. Da karayar tattalin arzikin duniya ta tsananta, aikin yi ya gagara, sai ya yanke shawarar fita yawon duniya, yana aika wa jaridun ƙasarsu labarai da hotuna, kuɗin kuma a miƙa wa iyalinsa. Jarinsa kuwa tsohon keke ne da na'urar ɗaukar hoto.

A watan Nuwamba na 1931 ya tashi daga Tarabulus, garin da fataken Kano suka daɗe da sani ta hanyar Agadas da Gat da Gadamas. Ya nausa cikin hamadar Libiya. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a yashi ya san halin da ake shiga: taya ta nutse, feda ta ƙi juyawa, mahayi ya sauka ya koma turawa, ga nauyin ruwa da guzuri. A haka ya isa zangon Marada a 1932. Hukumomin Italiya, masu mulkin Libiya a lokacin, suka hana shi ci gaba kudu, suka mayar da shi bakin teku. Sai ya bi ta Bangazi zuwa Iskandariyya ta Masar, ya bi Kogin Nilu ya ƙetare Sudan, ya hau tuddai da duwatsun yankin manyan tafkunan gabashin Afirka. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi ba sau ɗaya ba. A watan Afrilu na 1934 ya kai Agulhas, ƙarshen ƙasa a kudancin nahiyar.

Da wani ne, da sai ya nemi jirgin ruwa ya koma gida. Shi kuwa ya juyo ta ƙasa. Ya hau doki a ƙasar da ake kira Namibiya a yau, ya shiga kwalekwale a kogunan Lulua da Kasai na Kongo, ya isa Kinshasa, wadda a da ake kira Leopoldville, a 1935. Daga can ya sake hawa keke har yankin Tafkin Chadi. A nan hukumomin Faransa suka ƙi yarda ya shiga Sahara shi kaɗai, sai ya koma ga raƙumi, abin hawan da kakanninmu suka amince da shi tun fil azal. Ya yi wajen wata biyar a kansa kafin ya kai Wargala, sannan ya ƙarasa babban birnin Aljeriya da keke a Nuwamba 1936. An ƙiyasta tafiyar da kilomita 40,000.

Abin da ya bambanta shi da sauran Turawan zamaninsa shi ne talaucinsa. Ba ya da 'yan dako, ba ya da bindigogin rakiya, don haka sau da yawa mutanen ƙauye ne suka ba shi ruwa da abinci. Wanda ya ci tuwon talaka kuwa da wuya ya raina shi. Shi ya sa rubuce-rubucensa suka fito da zaluncin mulkin mallaka ƙarara, a lokacin da yawancin marubutan Turai ke yi masa kirari.

Bai daɗe da komawa gida ba ya mutu, a watan Oktoba na 1937, jikinsa ya riga ya gama lalacewa da cuta da wahala. Aka manta da shi tsawon shekaru, har zuwa 2000 da Lukasz Wierzbicki ya tattara labaransa ya buga littafi. A 2006 aka kafa allon tunawa da shi a tashar jirgin ƙasa ta Poznan.

Jama'a, a nan ne tsokar take. Madugai da fatakenmu sun ratsa wannan hamada ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera keke, ayarin gishiri kuma ya yi ta zirga-zirga tsakanin Agadas da Bilma. Sun fi Nowak sanin rijiyoyi da taurari, amma sunayen yawancinsu sun bi iska, shi kuwa alƙalami ya tsare nasa. Dattawan da suka ji labarin fatauci daga bakin iyayensu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda Allah ya kai shi gida hutu, ya zauna gabansu da takarda da biro tun suna raye.