Mai Hali Ya Ƙi Biya: Tarihin Tsare Wanda Ya Raina Hukuncin Sulhu

Duk zangon da ke da sarki da dattawa ya san wannan hali. Mutum biyu su kawo rigimar kuɗi zaure, a saurare su, a yanke cewa wane ya biya wane kaza. Wanda aka kayar ya ce ya yarda, a yi fatiha a watse. Wata shida, babu ko sisi. Dattawa ba su da kurkuku, ba su da dogari. To, sandar tilasta biya a hannun wa take?

Tambayar ta girme mu nesa. Malaman Malikiyya suna kiran irin wannan zama tahkimi, wato masu jayayya su naɗa wani da yardarsu ya yi musu hukunci. Sun halatta shi a sha'anin dukiya, sun hana shi a haddi da kisa da saki da nasaba, domin waɗannan na alƙali ne. Sun kuma ce idan wanda aka naɗa ya yanke, hukuncin ya hau kan duka biyun, alƙali ba ya warware shi sai in zalunci ne bayyananne. Amma tsare mutum ba aikin mai sulhu ba ne. Nan ake komawa gaban alƙali.

Shi kuwa alƙali ba ya tsare kowa da kowa. Tun zamanin Shuraihu, alƙalin Kufa, an san ana tsare mai bashi, sai dai fuƙaha'u sun rarrabe. Wanda talaucinsa ya tabbata ba a taɓa shi, domin aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta masa. Wanda ba a san halinsa ba, a riƙe shi gwargwadon a bincika, ko ya kawo mai tsaya masa. Wanda kuwa aka san yana da shi ya ɓoye, wannan zai zauna har ya fito da dukiyar. Haka almajiranmu suke karantawa a Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426. A lura, tsarewar ba ta goge bashin. Matsi ce kawai, kuma mabuɗin ƙofar yana aljihun wanda aka tsare.

Turawan Ingila, waɗanda dokarsu ta shigo kotunan Gwalkwas a 1876, sun daɗe ba su yi wannan rarrabewa ba. Sukan kulle mai bashi ko da ba shi da ko anini. A 1824 aka kai mahaifin marubuci Charles Dickens kurkukun Marshalsea a Landan saboda bashi, yaron kuma yana aikin leburanci a wata masana'anta. Sai a 1869 majalisarsu ta soke yawancin wannan ɗauri, ta bar ƙofa ɗaya: wanda yake da halin biya ya ƙi, ana iya tsare shi har mako shida. A ganinmu, sun iso inda littattafan fiƙihu suka riga su da ƙarnoni. A 1966 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin jama'a da na siyasa ta hana ɗaure mutum don kawai ya gaza cika alkawarin ciniki.

Manyan 'yan kasuwa da gwamnatoci ma suna da nasu zauren. Yarjejeniyar New York ta 1958 ta ɗora wa kotunan ƙasashe su tabbatar da hukuncin masu sulhu na wata ƙasa. Da zarar kotu ta tabbatar, maganar ta zama tata, wanda ya yi taurin kai da umarninta kuma yana iya faɗawa laifin raina kotu. Abin ya taɓa faɗa wa Kwango ta Kinshasa. An kayar da ita a sulhu kan bashin aikin lantarki, kamfanin FG Hemisphere ya sayi bashin, ya kai ƙara Amurka. Kotu ta umarci Kwango ta bayyana kadarorinta, ta yi biris. Sai aka sa mata tarar dala 5,000 duk mako, tana ninkuwa har dala 80,000, kotun ɗaukaka ƙara a Washinton ta tabbatar a 2011. Ƙasa dai ba ta shiga kurkuku, karɓar tarar ma wata rigima ce daban. Amma laifin da aka kama ta da shi, ɓoye dukiya ne, shi ne dai wanda Ibn Asim ya sani.

Mu dawo gida Gana. Tun shari'ar Budu da Caesar a 1959 kotu ta shimfiɗa sharuɗɗan sulhun gargajiya: a zo da yarda, a amince tun farko za a bi abin da aka yanke, a ji ta bakin kowa, a bayyana hukuncin. Doka mai lamba 798 ta 2010 ta ƙara da cewa ana iya yin rajistar hukuncin a kotu, a zartar da shi kamar na alƙali. Sandar da dattawa ba su da ita, ga ta nan a aro.

Sai dai kotu ba ta aiki da "ai kowa ya shaida". Inda muke yawan faɗuwa ke nan: zama ya yi kyau, amma babu takarda, babu kwanan wata, babu sa hannun da ke nuna mutumin ya zo da ƙafarsa ya yarda. Ranar da ya tsaya gaban alƙali ya ce shawara kawai aka ba shi, mai haƙƙi sai ya sake shari'ar daga farko.